Saƙon da ke cikin jini: Abin da ke sa rauni ya warke, ko ya zama gyambo, ko tabonsa ya kumbura

A lokacin girbi a yankin Kaoje da ke Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, dab da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, yankan lauje a yatsa ba abin ba da labari ba ne. Manomi zai matse wurin, jinin ya tsaya cikin ’yan mintoci, bayan mako biyu sai ɗan tabo. Amma maƙwabcinsa mai ciwon suga, ƙaya kaɗai za ta soke shi a tafin ƙafa ya shafe watanni yana jinyar gyambo. Ga kuma budurwar da ta ƙara hujin kunne, wurin ya warke amma ya ci gaba da tasowa har ya kai girman goro. Dukkan ukun suna da alaƙa da wani sinadari da masana ke taƙaita sunansa da PDGF, wato sinadarin haɓaka nama da ke fitowa daga ƙwayoyin daskarar da jini.

Waɗannan ƙwayoyi, da likitoci ke kira filatilet, ɓarɓashi ne da wasu manyan ƙwayoyin halitta na cikin ɓargo ke saki cikin jini. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 150,000 da 450,000 a ɗigon da bai wuce kan allura ba, kuma kowace ba ta wuce kwana goma a raye. An daɗe ana ɗaukar aikinsu toshe ɓula ne kawai. Sai a 1974 Russell Ross da abokan aikinsa a Jami’ar Washington da ke Amurka suka lura cewa ƙwayoyin bangon jijiya da suke reno a ɗakin gwaji suna hayayyafa sosai idan aka zuba musu ruwan jinin da ya riga ya daskare, amma ba sa yin haka da ruwan jinin da aka tace filatilet daga cikinsa. Ashe filatilet suna ɗauke da saƙo. A 1979 masu bincike a Uppsala ta ƙasar Suwidin da wasu a Amurka suka yi nasarar ware sinadarin shi kaɗai.

Da zarar lauje ya yanki fata, filatilet za su taru a bakin raunin su zazzage abin da ke cikinsu. PDGF zai bazu cikin naman da ke kewaye, ya manne da wasu ƙofofin karɓar saƙo iri biyu, alfa da beta, da ke jikin ƙwayoyin halitta. Saƙon kira ne zuwa aikin gayya. Fararen ƙwayoyin jini su zo su share datti da ƙwayoyin cuta, su ma su ƙara sakin sinadarin. Masaƙan jiki, wato ƙwayoyin da ke saƙa zaren kolajin, su yo ƙaura zuwa wurin, su hayayyafa, su cike ramin da jan nama, sannan su ja bakunan raunin su haɗe. Sababbin ƙananan jijiyoyin jini ma da taimakonsa suke samun ƙwayoyin da ke naɗe su don kada su yi yoyo. Ɓerayen gwaji da aka hana su nau’in B na sinadarin suna mutuwa wajen haihuwa saboda zubar jini.

A jikin mai ciwon suga gayyar takan watse. Sukari mai yawa yana lalata jijiyoyin jin zafi, don haka mutum yakan yi ta taka raunin bai sani ba. Jini ba ya isa ƙafar yadda ya kamata, sannan ruwan gyambon cike yake da sinadarai masu narkar da saƙon kafin ya isa inda aka aika shi. Wannan ya sa aka haɗa PDGF a masana’anta aka yi man shafawa mai suna Regranex, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1997. A babban gwajin da aka yi masa, kashi 50 cikin 100 na gyambunan sun rufe cikin mako 20, yayin da kashi 35 suka rufe ba tare da shi ba. Ci gaba ne, amma ba na a zo a gani ba. Maganin yana da tsada, sai an ajiye shi a firji, kuma ba ya amfani sai an kankare mataccen nama, an magance ƙwayoyin cuta, an ɗauke wa ƙafar nauyi. Ga mai noma ko kiwo a Kaoje, waɗannan ukun tare da daidaita sukari da sa takalmi su ne ginshiƙin jinyar, kuma sun fi saukin samu a asibiti mafi kusa.

Kishiyar wannan matsala ita ce saƙon da ya ƙi yankewa. Kumburarren tabo, wanda ake kira kiloid, ya fi yawa ga baƙar fata, kuma bincike ya nuna masaƙan da ke cikinsa sun fi amsa kiran PDGF, suna ta saƙa bayan an gama aiki. Shi ya sa yanke shi kaɗai, ko a wajen wanzami ko a asibiti, yakan sa ya dawo, wani lokaci fiye da da, domin sabon yanka sabon kira ne. Likitoci kan haɗa da allurar rage kumburi a cikin tabon. Irin wannan saƙar ce ke faruwa a hanta idan cutar hanta nau’in B ta daɗe tana yi mata rauni, har ta taurare. Haka kuma a bangon jijiyoyin jini da ke kauri su toshe, wanda shi ne ainihin abin da Ross ke bincike a kai.

A 1983 aka gano cewa wata ƙwayar bairos mai haddasa ciwon daji a jikin biri tana ɗauke da kwafin umarnin haɗa nau’in B na sinadarin. Wannan na cikin hujjojin farko da suka nuna cewa sankara tana iya tasowa daga saƙon girma na halal da aka bari a kunne. Misalinsa a jikin ɗan Adam wani ciwon dajin fata ne da ake kira DFSP, inda umarnin haɗa PDGF ke mannewa da na kolajin, sai ƙwayar halitta ta riƙa aika wa kanta saƙo ba dare ba rana. Ba kasafai ake samun sa ba, sai dai ya fi kama baƙar fata, yana girma a hankali, kuma da farko kamarsa ɗaya da kiloid. Tiyata mai faɗi ce maganinsa. Idan ta gagara, akwai ƙwayar imatinib mai toshe ƙofar karɓar saƙon, wadda Amurka ta amince da ita don wannan ciwo a 2006.

Ido ba ya iya bambance su biyun da tabbaci. Kumburin da ya fito inda ba a taɓa jin rauni ba, ko yake ci gaba da girma, ko ya fashe yana jini, sai an ɗebi ɗan namansa an duba da madubin likita. Daga Kaoje, wannan yana nufin neman takardar turawa zuwa manyan asibitocin Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tun kafin aska ta taɓa wurin.