Gyaɗar Arewa da Ilimin Manyan Kamfanoni

Uwar da ta taɓa kai yaro mai tamowa asibiti a Dogondutsi ko Tibiri ta san ɗan ƙunshin nan da ake kira Plumpy'Nut. Kamfanin Nutriset na Faransa ne ya samar da shi a 1996 tare da likita André Briend, daga markaɗaɗɗiyar gyaɗa, garin madara, sukari, mai da sinadaran gina jiki. A 2005, shekarar da yunwa ta addabi Nijar, kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da masana'antar STA ta Yamai don a riƙa haɗa shi a gida, bisa ma'auninsa da ƙa'idojinsa na tsabta da gwajin kaya. Wannan ci gaba ne idan aka tuna zamanin mulkin mallaka, lokacin da kamfanoni irin su CFAO da SCOA ke auna gyaɗa su biya, sarrafawar kuma galibi sai can Turai.

Sai dai ingancin gyaɗa tun daga gona ake samunsa ko a rasa shi, kuma a nan ne ilimin kamfanonin ya fi wuyar isa. Babban abin da masana'anta ke tsoro shi ne afulatoksin, gubar da ke fitowa daga funfuna. Tana lalata hanta, suya ba ta kawar da ita, ƙwaya kaɗan kuma sun isa su sa a ƙi buhu guda. Funfunar na samun ƙofa idan fari ya kama gyaɗa gab da cira, ko aka shanya ta a kan ƙasa mai laima, ko aka yayyafa mata ruwa don ɓara ta yi sauƙi. Wannan na ƙarshe dabara ce da mutane da yawa ke yi da kyakkyawar niyya, don babu wanda ya taɓa gaya musu illarta.

Maganin bai fi ƙarfin manomiya a Matankari ko Dumega ba: cira a kan kari, shanya a kan tamfol har ta bushe ƙayau, tsince motsattsu da masu baƙi-baƙi, ɗora buhu a kan katako nesa da bango. Amma kowanne aiki ne, kuma wa zai ɓata yini yana tsinta idan farashin tiya bai bambanta mai kyau da gurɓatacciya ba? Mai saye da ya mayar da kaya bai faɗi dalili ba, baɗi ma irin kayan zai tarar.

Su ma manyan kamfanonin suna da abin koyo. Matan da ke matsar mai da ƙuli-ƙuli a Dallol Mawri sun san irin da ya fi mai, da wanda ke nuna kafin ruwa ya ɗauke. Ƙungiyar manoma da za ta zauna ciniki da babban mai saye, ta sa a rubuta mata horo kafin damina, sakamakon gwajin kayanta, da ƙarin kuɗi kan gyaɗar da aka tsince.