Ruwan Tafarnuwa Ba Ya Miƙe Hanci

Tun da hunturu ya kankama wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp tsakanin mutanen Mashi, daga zauren tsofaffin ɗalibai zuwa na matan unguwa. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, balle inda ya koyi aikin lafiya. Cewa ya yi wai duk wanda ya daina jin ƙamshi, ƙashin tsakiyar hancinsa ne ya karkace. Wai a daka tafarnuwa, a haɗa da kanwa, a riƙa ɗigawa safe da yamma har mako biyu, ƙashi zai miƙe, ƙamshi ya dawo, ba sai an je asibiti ba. Sannan ya roƙi a tura wa wasu saboda Allah.

Saƙon ya karɓu ne don akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Tsakanin kafofin hanci biyu akwai shamaki, gabansa guringuntsi, bayansa ƙashi. A mafi yawan mutane bai tsaya daidai tsakiya ba, har likitoci na ƙiyasta kusan mutum 8 cikin 10 suna da ɗan karkata, galibinsu ba su ma sani ba. Wani da ita aka haife shi, wani wajen girma ta zo, wani kuma naushin dambe ko faɗuwa daga babur ne sanadi. Idan karkatar ta yi tsanani takan toshe kafa ɗaya, ta kawo minshari, haɓo, da numfashi ta baki. Tana kuma iya rage jin ƙamshi, domin jijiyoyin sansana suna can ƙololuwar hanci, a wani ɗan lungu tsakanin idanu, kuma kaɗan daga iskar da muke shaƙa ce ke isa wurin. In hanya ta ƙuntata, abin da ke isa sai ya ƙara raguwa.

Gaskiyar saƙon iyakarta ke nan. Da wuya karkata ita kaɗai ta ɗauke ƙamshi gaba ɗaya, tunda ɗaya kafar na aiki. Manyan abubuwan da ke ɗauke shi su ne mura da danginta, kumburin cikin hanci mai daɗewa, tsiron da ke fitowa a ciki, buguwar kai, da tsufa. Mun gani a 2020, lokacin korona, yadda mutane masu lafiyayyen hanci suka wayi gari ba sa jin ko warin fetur.

Sauran ƙananan zantukan da ake yi kan karkatar hanci ba sa buƙatar dogon bayani. Takunkumin korona bai lanƙwasa ƙashin kowa ba. Kwanciya ta gefe ɗaya ba ta karkatar da hanci. Toshewar da ke sauya kafa, yanzu dama anjima hagu, aikin hanci ne na yau da kullum, wani likitan Jamus, Richard Kayser, ya bayyana shi tun 1895.

Maganar ɗiga tafarnuwa ita ce ke cutar da mutane. Babu ruwa, mai, ko garin da ke miƙe guringuntsi da ƙashi. Katangar da ta karkace ba a miƙe ta da yaɓe. Ɗanyar tafarnuwa kan ƙona fatar hannu ma idan aka ɗaura ta ta daɗe, to ina ga fatar cikin hanci mai taushi? Kanwa kuma ƙara mata kaifi take yi. Raɗaɗi, atishawa da majinar da ke zubowa, waɗanda mai saƙon ke kira “cuta tana fita”, alamar rauni ce. Bayan an lafa sai kumburi ya ƙaru, hanci ya ƙara toshewa, mutum ya ƙara ɗigawa.

Jijiyoyin sansana ba sa jure wasa. A Amurka an sayar da wani maganin mura mai suna Zicam da ake sa wa a hanci, mai ɗauke da sinadarin zinc. A watan Yunin 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta gargaɗi jama’a su daina amfani da shi, bayan rahotanni fiye da 130 na waɗanda suka rasa jin ƙamshi. Wannan fa maganin kamfani ne, a kwalba, da awo. Abin da aka daka a turmi ba shi da ko awon.

Ɓarna mafi girma tana cikin “ba sai an je asibiti ba”. Toshewar kafa ɗaya ba kullum karkata ba ce. Yaron da majina mai wari ke fito masa ta kafa ɗaya, a fara zargin ya cusa wani abu: ƙwayar wake, gyaɗa, dutsen ado, ko guntun soso. In ƙaramin batirin agogo ne, cikin ’yan awoyi yana iya cin nama har ya huda shamakin. Babba kuwa, idan kafa ɗaya ta toshe tana ƙaruwa, ga jini jefi-jefi, ko kumburin fuska, ko ƙullutu a wuya, ko kunne ɗaya ya dushe, dole a duba ko tsiro ne, domin wani tsiron daji ne. Mako biyun tafarnuwa sukan zama wata shida na gwaje-gwaje, a isa hannun likita a makare.

Ban ga laifin wanda ya gwada ba. Mutumin da ya daina jin ƙamshin miyar gidansa, abinci ya zame masa salam, ga kuɗin mota da na kati, ga layi, dole ya saurari mai cewa magani na cikin madafi. Laifin na wanda ya ɗauki murya ne ba tare da sani ba, da masu turawa ba su tambayi kowa ba.

Wanda abin ya dame shi ya fara da asibiti mafi kusa, a haska cikin hancin. In akwai buƙata za a tura shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Tiyata ce kaɗai ke gyara karkata, kuma an fi yin ta bayan an gama girma. Tana sauƙaƙa numfashi ga mafi yawa. Ƙamshi kuwa babu alkawari: wasu na samun sauƙi, wasu ba canji, ’yan kaɗan ma yakan ragu.

A gida, wanke hanci da ruwan gishiri mara kaifi, wanda aka tafasa ya huce, yana rage ƙurar hunturu da majina. Maganin ɗigawa na kemis irin su Otrivin kada ya wuce ’yan kwanaki, in ya zarce shi da kansa ke haddasa toshewa. Ga wanda mura ta ɗauke wa ƙamshi, binciken da Thomas Hummel ya jagoranta a Dresden a 2009 ya nuna sansanar abubuwa huɗu, ciki har da kanumfari, lemun tsami da wardi, safe da yamma har mako 12, ta taimaki wasu. Sansanawa ake yi daga nesa kaɗan, ba cusawa ba.

Kafin ƙamshin ya dawo, a sa wani a gida ya riƙa duba tukunyar gas da abincin da ya kwana, tunda hancin da ba ya jin turare ba zai ji hayaƙi ba.