Kai Rahoton Ma'aikaci Maci Amana: Giba Ce ko Nasiha?

Malamai ba su yi saɓani ba a kan haramcin rashawa, ko a kan cewa kyautar da ake kai wa ma'aikaci saboda kujerarsa ha'inci ce. Hadisin Ibnul Lutbiyya da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya yanke magana: Manzon Allah (SAW) ya tura shi karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso yana cewa kyauta aka yi masa, sai Annabi ya hau mimbari ya yi inkarin hakan a bainar jama'a. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a Kitabul Farƙi, ya lissafa abin da ake kira gaisuwa cikin miyagun al'adun sarakunan zamaninsa. Inda mutane ke rikicewa shi ne matakin da ke biye: wanda ya ga abokin aikinsa yana wawurar dukiyar al'umma, ya halatta ya kai ƙararsa?

Da yawa suna kafa hujja da hadisin rufa asirin Musulmi da kuma haramcin giba a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, sai su yi gum. Wannan fahimta ce gurguwa. Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya bayyana a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa rufa asirin da ake so ya shafi wanda ba a san shi da ɓarna ba. Amma waɗanda aka damƙa wa amanar sadaka da wakafi da dukiyar marayu, in an ga abin da ya zubar da cancantarsu, bayyana shi wajibi ne, kuma nasiha ce, ba giba ba. Kuɗin magani a asibitin gwamnati ko haƙƙin 'yan fansho ba su gaza dukiyar marayu alfarma ba. Zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ne ake suturcewa. Haƙƙin jama'a kuwa, mai gani ba shi da ikon yafe shi a madadinsu. Sayyidina Umar ya kasance yana ƙididdige dukiyar gwamnoninsa, yana kuma aika Muhammadu ɗan Maslama ya binciki ƙorafin da aka kawo a kansu, kuma bai ɗauki masu ƙorafin a matsayin annamimai ba.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Aya ta 6 ta wannan sura ta yi umarni da tantance labari, saboda haka zato da jita-jitar ofis ba su isa hujja ba. Kuma a kai maganar wurin mai ikon gyara, gwargwadon buƙata, ba dandalin sada zumunta ba, inda ake yanke wa mutum hukunci kafin a ji ta bakinsa. A Nijeriya, dokar da ta kafa hukumar ICPC a 2000 ta tanadi ɓoye sunan mai ba da bayani, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya yi ƙage da gangan.

Saura batun lada. Tsarin da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ɓullo da shi a Disambar 2016 ya ware kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato ga wanda ya tona asirin. Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne wannan yana cikin babin ji'ala, wato ladan da ake alkawartawa a kan kammala wani aiki, kuma ya halatta. Amma tunda mai rahoton yana da amfani a cikin lamarin, bayaninsa mabuɗin bincike ne kawai, ba shaidar da alƙali zai dogara da ita kaɗai ba.