Idan Debian ta kasa samun adireshi lokacin girkawa

'Yan uwa masu kula da kwamfutocin ofis, kun san wannan matsala: an bar Debian tana girka kanta da fayil ɗin preseed, sai ta tsaya cik, wai DHCP bai ba ta adireshi ba. Kada a yi saurin zargin uwar garke. Sau da yawa laifin switch ne, domin Spanning Tree kan toshe kafar kusan daƙiƙa 30, kafin nan Debian ta gaji da jira. A kunna PortFast, ko a mai da netcfg/dhcp_timeout 60. Amma fa in ta hanyar sadarwa ake ɗauko preseed, sai an samu adireshi ake karanta shi, don haka a rubuta wannan umarni a layin tayar da kwamfuta.