Tsakanin allon malam da ƙwayar likita

A ƙauyukan Ollelewa, cikin Damargu, idan mutum ya fara surutai shi kaɗai, ko barci ya ƙaurace masa yana fita daji da tsakar dare, ba asibiti ake fara nufa da shi ba. Wurin malam ake kai shi a yi masa ruƙiyya, a wanke allo ya sha rubutu. Wasu gidajen boka suke kira, ko 'yan bori. Sashen masu taɓin hankali yana can babban asibitin Damagaram, kuɗin mota kuwa ba kowa ke da su ba, balle da damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Ma'aikatan lafiya da yawa na jin haushin wannan, kuma suna da hujja. Sau tari sai ciwo ya ci ƙarfin kowa ake kawo musu mara lafiya, da tabon mari a idon sawu. Mai farfaɗiya kan shekara yana shan hayaƙin turare, alhali ƙwayar fenobarbital mai arha kan tsayar da faɗuwar.

Amma faɗa da malamai bai taɓa cika asibiti ba. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya gane haka a Aro, kusa da Abeokuta: ya saukar da marasa lafiya da danginsu a gidajen ƙauye, ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Henri Collomb ya bi irin wannan hanya a asibitin Fann da ke Dakar. A 2020 mujallar Lancet ta buga binciken Farfesa Oye Gureje a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke zuwa har wurin masu maganin gargajiya da masu addu'a suna ba da magani. Bayan wata 6, waɗanda aka haɗa musu hanyoyin biyu sun fi samun sauƙi.

A ganina abin da ya kamata majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin karkara, ya nema wurin malam kaɗan ne: ban da duka, ban da ɗauri, kuma kada a ce wa mara lafiya ya bar ƙwaya. Addu'a kam ba ta hana magani aiki.

Sai dai asibitin ma da nasa laifin. Irin waɗannan magunguna watanni ake yi ana sha, wani lokaci shekaru. Ranar da suka yanke a kantin magani ciwon kan dawo, dangi su ce ai dama ba ciwon asibiti ba ne, su ɗauke mara lafiya su koma inda suka fito.