Cutar Waswasi Tsakanin Hukuncin Fiƙihu da Ilimin Likitanci

Gabatarwa

Daga cikin larurorin ƙwaƙwalwa da suka fi kai mutane zauren malami kafin asibiti akwai waswasi mai tsanani: mutum ya shafe sa'a guda yana alwala, ko ya yi ta maimaita kabbarar harama har liman ya yi ruku'u, ko kuma wasu munanan tunani game da Allah Maɗaukaki su riƙa faɗo masa har ya yi zaton ya fita daga Musulunci. Wannan maƙala za ta bayyana yadda magabata suka fahimci wannan larura, da hanyoyi biyu da likitocin zamani ke bi wajen magance ta, da kuma nauyin da ya rataya a wuyan malamin da aka fara kawo wa kuka.

Waswasi a mahangar malaman fiƙihu

Sunna ta riga ta sauke wa mai waswasi nauyi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an yafe wa wannan al'umma zancen zuci matuƙar ba a furta shi ko aikata shi ba. A Sahihu Muslim kuma, lokacin da wasu sahabbai suka koka da tunanin da suke jin girman furtawa, Annabi (SAW) ya bayyana musu cewa wannan ƙyamar da suke ji alama ce ta ingancin imani.

Malaman Malikiyya sun ware hukunci na musamman ga wanda shakka ta aure shi, wato mustankihi, wanda shakka ke zo masa kullum ko da sau ɗaya. A mazhabar, shakkar aukuwar hadasi tana warware alwala, amma Halil a Muhtasar ya togace mustankihi. Ibn Abi Zaid Alƙairawani (ya rasu 386 BH) ya bayyana a Risala cewa irin wannan mutum zai kau da kai daga shakkarsa a salla, ba zai ƙaro komai ba, sai dai ya yi sujada ba'adi. Ibn Ƙudama (ya rasu 620 BH) ma ya rubuta littafi guda a kan zargin tafarkin masu waswasi.

Gudunmawar Abu Zaid Albalhi

Abu Zaid Albalhi (ya rasu 322 BH/934 M) ya kasa littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus gida biyu: lafiyar jiki da lafiyar rai. A kashi na biyu ya tattauna fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili, wanda ake magancewa da nasiha da gyaran tunani, da wanda ke zuwa ba dalili, wanda ya danganta shi ga jiki. Ya shawarci mai waswasi da ya guji kaɗaici da zaman banza, ya kuma tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ɓacin rana. Masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, Farfesa Malik Badri (ya rasu 2021), shi ne ya fassara wannan kashi zuwa Turanci, ya nuna kusancinsa da hanyoyin zamani.

Magani ta hanyar tattaunawa da horo

Likitoci suna ɗaukar waswasi a matsayin cuta idan yana cinye wa mutum fiye da sa'a guda a rana, ko ya hana shi karatu, sana'a da zaman iyali. Cutar tana tafiya ne a kewaye: tunani mai tayar da hankali ya faɗo, damuwa ta taso, mutum ya maimaita aiki don ya sami natsuwa, natsuwar ta ɗan lokaci kuma ta koya wa ƙwaƙwalwa cewa maimaitawar ce mafita. Da haka shakka ke ƙara ƙarfi.

Hanyar da ta fi inganci ita ce wadda Victor Meyer ya fara bayyanawa a Landan a 1966: a fuskantar da majinyaci ga abin da ke tayar masa da shakka sannu a hankali, a kuma hana shi maimaitawa. Misali, ya wanke gaɓoɓin alwala bisa adadin sunna, ya tashi ya yi salla duk da zuciyarsa na raya masa cewa da saura. Da farko damuwa za ta hau, sannan ta sauka da kanta. Idan aka yi ta yin haka, ƙarfin shakkar yana raguwa. Mai lura zai ga cewa wannan shi ne ainihin abin da fuƙaha'u suka umarci mustankihi da shi, sai dai a nan an tsara shi mataki-mataki a ƙarƙashin kulawar ƙwararre.

Magani ta hanyar ƙwayoyi

Idan larurar ta yi tsanani, ko ta haɗu da ciwon damuwa, likita yakan rubuta magungunan da ke daidaita aikin sinadarin sirotonin a ƙwaƙwalwa, irin su fuloksetin da satralin, ko kuma kulomifiramin wanda ya girme su. Waɗannan ba sa sanya maye, kuma ba sa aiki nan take: akan ɗauki mako takwas zuwa goma sha biyu kafin a tabbatar da tasirinsu, sannan a ci gaba da sha aƙalla shekara guda bayan samun sauƙi. Daina su farat ɗaya ba da sanin likita ba yakan dawo da cutar. Ga masu tsananin larura, haɗa ƙwayoyi da horo shi ne aka fi so. Ana samun wannan kulawa a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna, Kware, Maiduguri da Dawanau, da kuma asibitocin koyarwa.

Nauyin da ke kan malami

Mai waswasi yakan dawo da tambaya ɗaya sau goma, ko ya zagaya malamai da ita. Amsa masa a kowane karo, ko da da kyakkyawar niyya, ciyar da cutar ne, domin neman tabbaci shi ma wani nau'i ne na maimaitawa. Abin da ya dace shi ne malami ya ba shi hukuncin mustankihi sau ɗaya a fayyace, ya umarce shi da tsayawa ga malami guda, ya kuma guji ba shi fatawar rigakafi ta cewa ya sake don ya fita daga shakka. Kada a ce masa raunin imani ne ke damunsa, alhali nassi ya nuna akasin haka. Addu'a da zikiri da ruƙya ta shari'a suna da matsayinsu, amma ba su hana neman magani, wanda Sunna ta kwaɗaitar a kansa. Idan mutum ya fara barin salla saboda wahala, ko ya ambaci son kashe kansa, tura shi asibiti ya zama wajibi ba tare da jinkiri ba.

Kammalawa

Fiƙihu ya bayyana hukuncin da ke sauƙaƙa wa mai waswasi, likitanci kuma ya samar da hanyar da za ta ba shi ikon aiki da wannan hukunci. Ya kamata tsangayoyin Shari'a da na nazarin addinin Musulunci su koyar da ɗalibansu alamomin wannan cuta, domin limamin da ya gane ta da wuri zai iya ceto ibadar mutum da aurensa da rayuwarsa. Allah ne Mafi sani.