Lissafin wutar sola: yadda za mu kare batir da rumfunanmu daga gobara

Gidaje da dama yanzu suna da faranti na sola da batir, ana kunna fitila, ana cajin salula. To amma rumfunanmu na tamfol ne da zana, kuma suna kusa da juna. Wayar wuta guda idan ta yi zafi tana iya cinye layi guda, musamman lokacin iskar hunturu. Shi ya sa muka kawo muku wani ɗan lissafi da kowa zai iya yi.

Abubuwa huɗu da ya kamata a sani

Mu ɗauki misalin tankin ruwa da bututu. Bolt, wanda ake rubutawa da harafin V, shi ne ƙarfin da ke turo wuta, kamar yadda tsawon tanki ke turo ruwa. Ampiya, harafin A, ita ce yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Turjiya ita ce yadda waya ko na'ura ke tare wa wuta hanya, kamar ƙuncin bututu, kuma ana auna ta da om, sunan wani masani Bajamushe, Georg Ohm, da ya bayyana ƙa'idar a 1827. Wat, harafin W, shi ne yawan wutar da na'ura ke ci. Ku duba bayan caja ko fanka, za ku ga waɗannan haruffa.

Ƙa'idojin guda biyu ne:
Wat = bolt sau ampiya.
Turjiya = bolt a raba da ampiya.

Cajar da aka rubuta mata 5V da 2A tana ba da wat 10. Fanka mai bolt 12 da ke jan ampiya 2 tana cin wat 24. Idan wat kuka sani, ku raba shi da bolt ku sami ampiya: ƙwan fitila mai wat 6 a kan batir mai bolt 12 yana jan rabin ampiya.

Me ya sa dutsen guga ke kashe batir?

Dutsen guga mai wat 1,100 a kan wutar janareta mai bolt 220 yana jan ampiya 5, turjiyarsa om 44 ke nan. Amma idan aka jona shi da inbata a kan batir mai bolt 12, sai batirin ya fitar da ampiya fiye da 90 kafin ya biya wannan wat ɗin. Siririyar waya ba za ta iya ɗauka ba. Duk lokacin da ampiya ta ninka biyu, zafin da waya ke yi yana ninka huɗu. Haka abin yake ga hitar ruwa da murhun lantarki.

Haɗari na biyu shi ne wayoyi biyu da robarsu ta saluɓe su taɓa juna. A nan turjiya takan faɗi ƙasa ƙwarai. Idan ta koma kashi ɗaya cikin goma na om, bolt 12 zai turo ampiya 120 nan take, wayar ta yi ja, roba ta kama wuta. Kada a raina batir don ba ya fizgar mutum.

Awa nawa batir zai yi?

Batirin da aka rubuta masa 12V 50Ah yana riƙe da 600, wato 12 sau 50. Irin batir mai ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri, don haka 300 ne rabonku a dare guda. Sai ku ninka wat na kowace na'ura da awoyin da za ta yi. Ƙwai 2 masu wat 6 na awa 5 sun ci 60. Salula 3 masu wat 10 na awa 2 sun ci 60. Fanka mai wat 24 ta awa 6 ta ci 144. Jimla 264, bai kai 300 ba, lafiya lau. Dutsen guga kuwa zai shanye wannan 300 cikin ƙasa da minti 20.

Abin da muke roƙo

A sa fiyus kusa da kan batir. Kayan da muka lissafa a sama, idan an kunna su tare, wat 66 ne, wato ampiya 5 da rabi, don haka fiyus mai ampiya 10 ya isa muddin wayar mai kauri ce. Idan fiyus ya ƙone, a nemi dalili, kada a maye gurbinsa da ƙusa ko takardar sigari. A naɗe duk mahaɗar waya da salatef na wuta, a nisanta waya daga zana da katifa, a ajiye batir inda iska ke shiga kuma yara ba sa kaiwa. Wayar da ta yi zafi a hannu ko take warin roba, a cire ta nan take. Idan wuta ta tashi, a fara fitar da yara, a cire jonin idan ba haɗari, a zuba yashi, ba ruwa ba.

Wanda bai iya karatu ba, ya kai caja ko batirinsa wurin ɗalibi ko maƙwabci a duba masa. Duk wanda ya ga joni mai haɗari ya sanar da shugaban unguwa ko ofishin kariya. Allah ya tsare mu da iyalanmu.